Hannun da Ukasha Ya Ƙi Ganewa

Ukasha ne ya raba mijina da kiɗa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, maƙwabta ma haka suke faɗa in sun gan ni ina hawa bene da ledar magani. To ni ina wurin, idona biyu, kuma ba zan bari a ɗora wa ciwo laifin mutum ba. Ciwo ya ci hannun hagu, ban musa ba. Abin da ya rage kuwa Ukasha ne ya ƙarasa shi da bakinsa, a cikin falona, yana riƙe da finjalin gahawar da na dafa masa.

Sunana Awadiyya. Mijina Fadl makaɗin jita ne, Ukasha kuma mai gangunansu. Da su biyun da Mahir, mai babbar jitar nan da ke gurnani a ƙasa, su ne suka rage daga ƙungiyar Walƙiya, wadda ta hana Umdurman barci lokacin ina budurwa. Dukansu Hausawa ne, jikokin mahajjatan da suka yada zango a Sudan ba su koma gida ba, amma ba kalangu suke kaɗawa ba, ba garaya ba. Rok suke ce masa. Gashi a tsaye kamar an kife musu kwando, wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, lasifika tana ruri har mutum ya ji haƙarƙarinsa na motsi.

Ni ban yi makaranta ba, ban san sunan tsirkiya ko ɗaya ba. Amma na yi shekaru a gefen dandali ina gadin jakunkuna, kuma akwai abin da na sani. Fadl makara yake yi. In ganga ta faɗi, shi sai ya shigo bayanta kaɗan, kamar baƙon da ya tsaya cire takalmi a bakin ƙofa. Masu ganga da yawa sun gwada shi sun gaji. Ukasha kaɗai ya iya da shi. Yakan ɗaga sanda ya riƙe ta a sama, sai Fadl ya iso sannan ya sauke. Mutane suna rawa ba su san an jira kowa ba.

Da yaƙi ya ci Hartum muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Fadl ya rungume jitarsa a cinya tun daga tasha har Aswan, ni na rungume tukwane. Gangunan Ukasha ba su sami wuri a mota ba. Ya kulle su a ɗaki, daga baya aka aiko masa cewa an fasa gidan. Matarsa ta riga ta rasu tun kafin yaƙin. 'Ya'yanmu kuwa sun warwatse, wannan a Libiya, wancan a Jidda, sai murya a waya. Haka muka tsinci kanmu a Ard al-Liwa, wata unguwa a Alƙahira, a saman wani bene da ba ya ganin rana sai ta take tsaka. Ukasha ya sami gado a ɗakin wasu ɗalibai a layin bayanmu.

Ran Juma'a kaɗai gidanmu ke yin kama da gida. Bayan masallaci su ukun sukan hau, suna haki, su zube a falo. In soya gahawa da citta, in kawo. Fadl ya kaɗa jita ba tare da lasifika ba, Ukasha ya buga gwiwarsa da tafin hannu, Mahir ya yi gurnanin da baki, don tasa jitar ya sayar. Sauran lokacin kuma zagin kiɗan tuktuk ne, keken hayar nan mai ƙafa uku, irin wanda samarin Masar ke ƙure wa sauti suna wucewa ta ƙarƙashin taga.

"Ku ji wannan," in ji Ukasha. "An zuba tsakuwa a injin niƙa."

"Me ya ce?" in ji Mahir, wanda lasifika ta cinye masa kunne ɗaya tun da daɗewa.

"Cewa ya yi Allah ya yi maka gata," in ji Fadl.

"Muryar yaron ma ba tasa ba ce," Ukasha ya ci gaba. "Sai an bi da ita ta na'ura, ta fito kamar akuya a cikin bututu. Babu mai gumi, babu mai kuskure. Danna nan, danna can, wai an yi waƙa."

Na ce, "Haka babana yake cewa da ku, Allah ya jiƙansa."

"Babanki bai san kiɗa ba, Hajja. Mu mun sani."

Suna da wani wasa tun suna samari, gane hannu suke ce masa. Ɗaya zai sa waƙa bai faɗi ta wa ce ba, sauran su rufe ido, su faɗi hannun da ke kan jita. Wanda ya kasa shi zai wanke finjalai. A da faifai ne, aka koma kaset, a Alƙahira kuma waya. Mahir ya wanke mini finjalai har na daina yi masa sannu. Fadl ma ya sha wankewa. Ukasha kuwa bai san inda nake ajiye soso ba. Sauti biyu ko uku zai ji ya faɗi sunan mutum, har ya ƙara da cewa ran nan mutumin mura yake yi.

Sai ciwon ya zo, da safe, Fadl yana karin kumallo. Da muka dawo daga asibiti yatsun hagu sun lanƙwashe, manuniya ce kawai ke ɗan motsi. Jita ta koma jikin kabad. Juma'a ba ta tsaya ba, amma ta zama zaman gaisuwa. Su zagi tuktuk, su kalli ko'ina ban da kabad. Sauran kwanakin mako Fadl yana kan kujera a bakin taga, ni ina kicin, sai mu wuni ba mu yi maganar da ta wuce ta magani ba.

A ƙarƙashinmu akwai wata Nada, mace mai shekara talatin da wani abu, 'yar Hausawan Gadarif ta can Sudan. Da rana tana gyaran waya a kasuwar Ataba, in ta dawo sai ta kunna kwamfuta ta haɗa irin kiɗan da su Ukasha ke zagi. Wata la'asar daɓen ɗakina ya riƙa rawa har murfin tukunya ya faɗi. Na sauka na buga ƙofarta da sandar mofa.

"Ma'alish, Hajja," ta ce, wai in yi haƙuri.

"Ma'alish ɗinki ba ta kwantar da mara lafiya. Ki rage, ko in kira mai gida."

Washegari ta hau da lemo a leda. Hausarta a karye take, rabi Larabci, amma ta durƙusa ta gai da Fadl yadda ya kamata. Sai idonta ya kai kan kabad.

"Baba, wannan ta wa ce?"

"Ta wani ce da ya tafi."

Ta dubi hannunsa ba kunya ba kara. "Yatsa nawa ke aiki?"

"Ɗaya."

"Ɗaya ya isa."

Fadl ya gaya mata ra'ayinsa a kan kiɗanta, kalma-kalma, duk da bakin Ukasha, har da akuyar da bututun. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Tamam, na ji. Ka gwada tukuna, sannan ka ƙarasa zagin."

Ga yadda suka yi. Fadl zai danne tsirkiya ɗaya da yatsan nan, ya taɓa ta da hannun dama, Nada ta kama sautin a kwamfuta. Ya matsa gaba, ya danne wani wuri, ta kama. Ƙwaya-ƙwaya, kamar mai tsintar shinkafa, daga baya ta jera su su zama magana. Inda yatsan ya kasa dannewa, ni nake ɗora babban yatsana a kan nasa in danna. Hannuna na warin albasa, shi yana cewa, "Da ƙarfi, Awadiyya, ba jariri ba ne." Muka fara ana sanyi, muka gama zafi ya shigo. Mutumin da ya daina neman abinci ya koma tambayata me aka dafa.

Wata rana Nada ta nuna masa wasu layuka a fuskar kwamfuta. "Baba, na'ura ta ce ka makara. In matso da kai?"

"Bar ni inda nake."

"Gangar nan ba za ta jira ka ba fa."

Ya dubi layukan. Sannan ya ce, "Na sani. Bar ni."

Da ta sauka na ce masa, "Ga mai ganga a layin baya yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Me ya hana ka kira shi?"

"Ya zo ya ga matata tana danna mini yatsa? Bari a gama. In ya ji, shi zai faɗi sunana da kansa."

Ya hana Nada sa sunansa a jikin waƙar, don kada labari ya riga shi.

Juma'ar da ta biyo bayan gama waƙar Fadl ya yi aski, ya sa farar jallabiyar da muka fito da ita, ya ce in ƙara citta. Bayan an sha zagaye na farko sai ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Mun kwana biyu ba mu yi gane hannu ba. Awadiyya, kunna mana wannan."

Na kunna, na ajiye wayar a kan tire. Gangar na'ura ta fara, dum-dum, irin ta tuktuk. Ukasha ya yatsine fuska ya ce wannan wasa ne ko horo, amma ya rufe ido, don doka ce. Tafin hannunsa ya fara bin kiɗan a kan gwiwa, shi ma bai sani ba. Sai jitar ta shigo.

Ina tsaye a ƙofar kicin, gabana Ukasha. Ganga ta faɗi ta wuce abinta. Hannun Ukasha bai faɗi ba. Ya tsaya a sama, a buɗe, sai da jitar ta iso sannan ya sauka. Aka zagayo, ya sake tsayawa. Har waƙar ta ƙare hannun nan bai bi na'ura ba ko sau ɗaya, Fadl yake bi. Fadl kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana gyara bakin hannun rigarsa.

Waƙa ta ƙare. Ukasha ya buɗe ido, ya ɗauki finjali, ya kurɓa. Bai kalli Fadl ba.

"Wannan ba hannun kowa ba ne," ya ce. "Babu mutum a ciki. An tsinto gawar jita ne, an yanka gunduwa-gunduwa, an ɗinke. Wanda ya yi wannan, in ma mutum ne, gara ya ajiye ya kama tasbaha, ya bar mutane su tuna shi da mutunci."

"Me ya ce?" in ji Mahir.

Babu wanda ya maimaita masa. Sai ya yi dariya don ya ga bakin Ukasha ya motsa, ya ɗauka zagin da aka saba ne. Fadl ma ya yi dariya. Wannan dariyar ce ba zan yafe ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Yaran da ke ƙarƙashinmu ne suka aiko, na ce bari in gwada kunnenka."

Suka ɗan taɓa hirar tsadar gas. Da za su tashi, Ukasha ya tattara finjalai a kan tire, ya wuce ni ya shiga kicin. Na bi shi na tsaya. Ya nemi soso bai gani ba, bai tambaye ni ba, ya wanke su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kife. Wanda ya ci wasa ba ya wanke finjali. Ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Sai wani jiƙon, Hajja," ya sauka.

Kafin magariba Fadl ya sa na miƙo masa jitar. Da hannun dama ya sassauta tsirkiyoyin duka har suka yi laƙwas, ya ce in tura ta ƙarƙashin gado. Da Nada ta hau da kwamfutarta ya ce mata ya gode, Allah ya yi mata albarka, amma ya gaji.

"Baba, me aka ce maka?"

"Ba a ce komai ba."

Waƙar kuwa ta riga ta fita. Nada ta ba wani mai tuktuk, shi ya ba wasu. Yanzu takan wuce ta ƙarƙashin tagarmu da rana tsaka, samari suna kaɗa kai, ba su san mai ita yana sama ba. In ya jiyo ta daga nesa sai ya ce in rufe taga. Mu zauna cikin zafi, fanka tana juya iska ɗaya, har ta wuce.

Juma'ar da ta biyo ya ce in ce musu yana barci. Mahir ya zauna ya sha gahawa shi kaɗai yana kallon ƙofar ɗaki. Ukasha bai ko hau ba. Daga nan Mahir ma ya ɗauke ƙafa, don gwiwarsa ba ta son benen, kuma babu wanda zai hau dominsa. Fadl ya koma barin abinci a kwano. Da na yi masa maganar sai ya ce, "Kunnen Ukasha ba ya ƙarya, Awadiyya. In bai ji ni a ciki ba, ba na ciki."

Na ce, "Ya ji ka. Na ga hannunsa."

"Ke kin ga hannu. Ni baki na ji."

Sai na yafa tobena, mayafinmu na matan Sudan, na tafi neman Ukasha. Na same shi a wata 'yar rumfar shayi kusa da mararrabar jirgin ƙasa, shi kaɗai a teburi, shayin gabansa ya huce. Maza suka bi ni da kallo, don mace ba ta zama a wurin. Ban zauna ba.

"Hajja Awadiyya. Lafiya? Ya mai jiki?"

"Kai za a tambaya. Ka gane hannun ko ba ka gane ba?"

"Wane hannu?"

"Kada ka mai da ni Mahir. Kunnuwana biyu lafiya lau."

Ya juya cokali a kofi. Wani tuktuk ya wuce da nasa kiɗan, ya jira ya yi nisa.

"Kin ji ganga a waƙar nan?" ya ce.

"Na ji."

"Wa ya buga?"

"Na'ura."

"Na'ura." Ya shimfiɗa hannayensa biyu a kan teburi. "Dube su. Babu abin da ya same su. Ina layin bayanku. Ina kwana cikin yaran da ke toshe kunne da waya, in na buga gefen gado su ce Baba muna karatu. Tun da muka zo garin nan babu wanda ya ce mini Ukasha zo ka riƙe mana. Mijinki kaɗai ya rage da zai ce. Da ya tashi nema, sai ya sauka ƙasa ya ɗauko akwati."

"Kunyarka ya ji. Yatsa ɗaya gare shi. Ni nake danna masa."

Ya ɗago kai. Wannan bai sani ba, na gani a fuskarsa.

"Kunyata? Ni da na riƙe shi a banɗakin asibiti?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Da ya kira ni, ai da ni zan danna masa."

"To tashi ka je ka faɗa masa."

"Ba yau ba."

"Yaushe?"

"Ki bar ni, Hajja. Ban ce na gane ba, ban ce ban gane ba."

Na tsaya a kansa har mai shayi ya zo ya ce in yi haƙuri, Hajja, ana kallo. Na ce a kalla. Ukasha ya kau da kai. Na juyo na bar shi da hannaye a kan teburi.

Nada ta ce in ƙyale shi, tsoho ne, abin duniya ya yi masa yawa. Mahir ya aiko cewa a yi haƙuri, zumuncin shekara arba'in ya fi waƙa ɗaya. Kowa haƙuri yake ba ni, kamar ni aka yi wa. Na san gangunansa sun tafi. Na san ba shi da kowa. Mu ma wa muke da shi? In yana da ƙorafi a kan Fadl, ga Fadl nan, ba ya zuwa ko'ina, ya zo ya zazzage masa, su yi faɗa irin na da, har in raba su. Amma a ce mutum ya tattara ɗan abin da ya rage masa, da yatsa ɗaya, ya ajiye a gaban amininsa, aminin ya dube shi ya ce babu kowa a nan, sannan ya koma rumfar shayi ya zauna ana ce masa Ustaz, wannan ban yarda ba.

Ba na neman ya so kiɗan yaran nan. Ya ci gaba da zaginsa har ya mutu, ni ma ba ya yi mini daɗi. Ba na neman ya ba ni haƙuri. An sa masa waƙa, an yi masa tambaya, har yau bai amsa ba. Duk wanda ya san Ukasha mai gangar Walƙiya ya gaya masa Awadiyya ta ce ya hau benen nan da ƙafarsa, ya zauna a gaban mijina, ya dube shi, ya faɗi hannun wa ke kan jitar.